Shin Ko Kun San? Hagu da Dama, Kudu da Arewa, Daga Tsakiyar Nima

Shin ko kun san akwai kalmar Turanci da hukuma ta kashe da takarda? Sunanta "larboard", kuma da ita matuƙan jiragen ruwan Ingila suka yi ɗaruruwan shekaru suna kiran gefen hagu na jirgi. Laifinta ɗaya ne: ta yi kama da abokiyar zamanta a kunne. Gefen dama "starboard" ake ce masa. Kamar gidan da ke da Nasiru da Basiru ne, uwa ta ƙwala kira daga madafi, duka biyun su amsa. A gida abin dariya ne, amma a tsakiyar teku, iska na kaɗawa, igiyar ruwa na dukan katako, idan kyaftin ya daka tsawa mai juya jirgi wutsiyar kalmar kaɗai yake ji. Ya karkata dama inda aka ce hagu, jirgi ya hau dutse. A 1844 hukumar sojan ruwan Birtaniya ta ba da oda a daina faɗinta, a riƙa cewa "port". Sojan ruwan Amurka suka bi sahu a 1846. Yau sai a tsofaffin littattafan tafiye-tafiye ake gamuwa da ita.

Kalmar ta mutu, amma al'adar da ta haife ta tana nan. Jiragen Turawan arewa na dā da wani ƙaton filafili ake juya su, wanda ake ɗaurewa a baya ta gefen dama, tunda yawancin mutane da dama suke aiki. Don kada filafilin ya karye, sai a jingina jirgi da gaɓa ta hagu, ta nan ake loda kaya, ta nan ake sauka. Ko kun lura cewa duk alhajin da ya tashi daga filin jirgin saman Accra ta ƙofar hagu yake shiga jirgi? Gādo ne daga ruwa. Haka ma fitilun fukafukai: ja a hagu, kore a dama, don wanda ya hango jirgi cikin dare ya san inda ya dosa. Titin saukar jirage na filin kuma lambarsa 03 ta wannan kai, 21 ta wancan, wato digiri 30 da digiri 210 a kamfas. Lambar ba ado ba ce, kwatance ne ga matuƙi.

Shin ko kun san a takardun Turawan da suka zauna a gaɓar nan, ba a cika cewa Accra tana gabas da Cape Coast ba? Cewa suke tana "leeward", wato ɓangaren da iska ke turawa. Yamma kuwa "windward", inda iska ke fitowa. Dalili shi ne a wannan gaɓa iska daga kudu maso yamma take busowa kusan duk shekara, ruwan teku ma gabas yake gudu. Jirgi mai tafiya da iska idan ya taso daga Turai, ta yamma yake shigowa, ya gangaro Axim, Elmina inda Turawan Fotugal suka gina ganuwarsu a 1482, Cape Coast, sannan Accra mai ganuwa uku: ta Holan da aka gina a 1649 wadda yanzu ake kira Ussher Fort, James Fort ta Ingilishi ta 1673, da Christiansborg ta mutanen Denmark a Osu. Gangarowa ba wuya. Komawa baya ita ce jidali, don sai an yi kokawa da iska da ruwa gaba ɗaya. Shi ya sa jiragen da suka cika cikinsu da bayi ba sa juyawa ta inda suka zo. Sukan ƙara gaba, su yi kudu wajen tsibirin Sao Tome, su kama ruwan da ke gudu yamma ya kai su Amurka. Kalmomin biyu ba su mutu a bakin matuƙa ba, kuma har yau akwai tsibirai a yankin Karibiyan da ke amsa su. Amma a Ghana sun bi jiragen iska sun tafi. Da injin tururi ya zo, babu ruwan kowa da inda iska ta fito.

Injin nan ne kuma ya juya wa goro hanya. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya san Accra tun yana saurayi domin mahaifiyarsa ta zauna a nan. Yana cikin 'yan kasuwar Hausa na farko da suka gane cewa maimakon a ɗora goro a jaki a nufi arewa maso gabas ta daji, gara a zuba shi a jirgin ruwa a yi gabas zuwa Ikko, daga can a haura. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, hanyar jakuna ta shiga uku. A lokacin Accra ba ta da tashar da babban jirgi zai matso gaɓa. Can nesa yake tsayawa, 'yan kwale-kwale su yi ta jigila cikin igiyar ruwa. Tashar Takoradi sai a 1928 aka buɗe ta, ta Tema kuma a 1962.

Kafin haka fa? Fataken Gwanja ba su da kamfas, ba su da taswira, mutum suke da shi. Madugu ne shugaban ayari, amma wanda ke gaba yana karanta hanya, ya san mashigin kogi, ya san garin da ake biyan fito da wanda ake kwana da ido ɗaya, shi ne jagaba. Sarautar Jagaban Borgu da ake kiran Shugaba Tinubu da ita a yau, ƙasar da ayarin goro ke ratsawa ce ta ba shi. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato, ya ƙetare Kogin Kwara, ya bi ta Nikki da Djougou, ya faɗa Sansanne Mango, ya wuce Yendi, ya sauke kaya a Salaga. Tafiyar watanni ce, kuma taswirar duka a jerin sunayen zango take: daga zango kaza zuwa zango kaza yini nawa, ruwa a ina, ɓarayi a ina. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ne ya tarwatsa kasuwar, mutanenta suka bazu zuwa Kete-Krachi, Kumasi da Accra. Cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi akwai babban malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya rasu a can a 1934. Wannan guguwa ta ƙara cika zangunan kudancin Ghana.

To ga wata tsohuwar kalmar da ta fi "larboard" tsufa da girman kai: "septentrional", ma'ana na arewa. Daga Latin take, inda ake kiran taurari bakwai ɗin nan da ke kewaya Tauraron Arewa da shanun huɗa bakwai. Larabawa Banatu Na'ashi suke ce musu. Marubucin Ingila Geoffrey Chaucer ya yi amfani da kalmar wajen 1391 a ɗan littafin da ya rubuta wa ɗansa kan yadda ake aiki da usturlabi, na'urar tagulla da masanan Musulmi suka gyara suka ƙawata don gane lokutan salla da auna tsayin taurari. Taswirorin Turai na ƙarni na 16 da na 17, har da waɗanda suka zana gaɓar Gini, sukan rubuta sunayen kusurwoyi huɗu da Latin a gefen takarda, wannan kalma a sama. Turanci ya yar da ita, ya riƙe gajeriyar da manoma da masunta ke faɗa. Faransanci bai yar ba, shi ya sa ɗan makarantar Maraɗi ko Yamai zai iya tsintarta a littafin labarin ƙasa, na unguwar Nima a Accra kuwa har ya gama jami'a bai ji ta ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ko da kalmar ta rayu, da ba ta yi wa mutumin Accra wani amfani ba. Tsayin Tauraron Arewa a sama daidai yake da nisan gari daga layin da ya raba duniya biyu. A Landan yana can sama, digiri 51. A Kano digiri 12. A Accra bai kai digiri 6 ba, wato yana dab da ƙasa, inda rufin kwano, hayaƙin motoci, ƙurar hunturu da hasken lantarki suka haɗu suka binne shi. Wanda ya ce zai nemi arewa da shi daga wani lungu a Maamobi, maƙwabciyar Nima, zai kwana a tsaye. Wannan ne ya tsorata matuƙan Turai na farko da suka gangaro Afirka ta Yamma: kullum suka ƙara kudu, tauraron da suka dogara da shi sai ya ƙara nutsewa. Alvise Cadamosto, mutumin Venice da ya iso bakin Kogin Gambiya a 1455, ya rubuta yadda ya ga tauraron ya yi ƙasa sosai, ya kuma bayyana wasu taurari masu haske a kudu waɗanda bai saba gani ba. Mu kuwa da Gamzaki da Zara da Kaza da 'Ya'yanta aka san mu, kuma lokaci suka fi gaya mana, asuba ta yi ko damina ta kusa.

Kishiyar "septentrional" ita ce "meridional", na kudu, daga kalmar Latin ta tsakar rana. Hikimar ita ce a Turai duk ranar Allah idan rana ta take, a kudu take tsayawa, inuwa ta faɗi arewa. Shin ko kun san wannan doka ba ta aiki a Nima kusan rabin shekara? Daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba, rana ta arewa take bi ta wuce Accra, inuwar tsakar rana kuma ta faɗi kudu, wajen teku. Sauran watannin ta koma kudu. Sau biyu a shekara, a ranakun da take sauya ɓangare, takan tsaya a tsakar ka sosai har turken da aka kafa a miƙe ya rasa inuwa. A Kano ma haka ne, sai dai lokacin ya fi gajarta, daga wajen 20 ga Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta. Don haka duk littafin koyar da zaman daji da ya ce ka dubi rana da azahar ka gane kudu, ka duba inda aka buga shi tukuna. Masu kafa faifan sola a rufin gidaje sun san wannan, shi ya sa a nan kusan a kwance ake ɗora shi, da ɗan karkata kaɗan don ruwan sama ya wanke ƙura.

Daga wannan tafiyar rana ta Turai ake danganta yadda hannun agogo ke juyawa, domin haka inuwar agogon rana ke kewayawa a can. Mutanen Sikotland na da tsohuwar kalma, "widdershins", ga duk kewayen da ya saɓa wa tafiyar rana, kuma a camfinsu mugun abu ne mutum ya zagaya coci ta wannan hanya. Alhazanmu kuwa haka suke ɗawafi, Ka'aba a hagunsu, sau bakwai, saɓanin hannun agogo. Masu tsere a filin wasa ma haka suke zagayawa.

Ko kun san ba tun fil azal arewa take saman taswira ba? Malaman coci na Turai gabas suke ɗorawa a sama, kamar yadda take a babbar taswirar Hereford ta wajen shekarar 1300. Al-Idrisi, wanda ya kammala tasa a 1154 a fadar Sarki Roger na Biyu na Sisili, kudu ya sa a sama, kamar yadda masanan Musulmi da yawa suka saba. A taswirarsa Afirka ce a kai, Turai a ƙasa. Ya kuma ambaci Ghana, amma ba wannan ba. Tsohuwar daular Ghana tana can tsakanin Mali da Muritaniya ta yau, sama da kilomita 1,000 arewa maso yamma da Accra. Ranar 6 ga Maris 1957 aka ɗauko sunan aka kawo shi bakin teku.

Shin ko kun san wanda ya hau mota daga Nima zuwa Tema ya je iyakar yammacin duniya da gabashinta? Layin Greenwich, wanda daga kansa ake fara ƙidayar gabas da yamma, ta cikin Tema ya bi ya faɗa teku, bayan ya ratso Ingila, Faransa, Sifen, Aljeriya, Mali ta wajen Gao, Burkina Faso da ɗan gefen Togo. A taron Washington na 1884 aka amince da shi. Faransa ta ƙi jefa ƙuri'a, ta riƙe lokacin Paris har 1911. Nima tana yamma da layin da ɗan kaɗan, Kano tana gabas da shi da digiri 8 da rabi. Shi ya sa agogon Ghana yake daidai da na Greenwich duk shekara, Najeriya da Nijar kuma suna gaba da awa ɗaya. Mai tafiya Ikko ta mota ba a Aflao, bakin iyakar Togo, zai gyara agogonsa ba, domin Togo lokacinta ɗaya da Ghana. Sai ya shiga Benin. A lissafin rana kuwa tazarar Kano da Accra ba ta kai awa ba, minti 35 ne ko kusa da haka. Idan kuma aka bi layin nan kudu cikin teku kimanin kilomita 600, za a iske inda ya gamu da layin da ya raba duniya biyu, sifiri da sifiri. Babu tsibiri a wurin, ruwa ne zalla. Amma duk lokacin da kwamfuta ta rasa inda za ta ajiye wani wuri a taswira, can take jefa shi, har masu aikin taswira suka raɗa wa wurin sunan tsibiri don barkwanci.

Hukuma ma takan rikita kusurwa. Jihar Gabas ta Ghana, mai hedikwata a Koforidua, ba ita ce a gabas ba, Volta da Oti sun sha gabanta. Jihar Tsakiya kuma, mai hedikwata a Cape Coast, ƙafarta a cikin teku take. Ba kuskuren magatakarda ba ne. Sunayen sun samo asali ne tun lokacin da mulkin Ingilishi bai wuce zirin bakin teku ba, aka raba shi lardin yamma, na tsakiya da na gabas. Asante da yankunan arewa daban ake mulkinsu, yankin Togo na Birtaniya kuwa sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1956 ya shigo. Ƙasa ta faɗaɗa, sunaye suka tsaya inda suke. A arewa kuma an yi ta yanka: an fitar da Upper West a 1983, sannan bayan ƙuri'ar Disamba 2018 jihohi suka zama 16. Kuma a zango idan mutum ya ce maka shi ɗan arewa ne, kada ka yi saurin tambayarsa labarin Kano. Wataƙila Tamale yake nufi, ko Bawku, ko Wa, kuma Hausar da yake yi da kai a kasuwa ya koye ta, harshen gidansu Dagbani ne ko Kusaal ko Waali.

A takardar gwamnati Nima tana Ayawaso ta Gabas, Maamobi tana Ayawaso ta Arewa. Ayawaso kuwa sunan tsohon babban birnin Gā ne da Akwamu suka ci a ƙarni na 17. Amma wa ya taɓa yi wa baƙo kwatance da haka? Hausawan da suka sauka Accra da ƙafa suka auna ƙasa, suka sa wa unguwanni suna: Tudu inda ƙasa ta ɗaga, Fadama inda ruwa ke kwanciya, Sabon Zongo da Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20 da tsohon zango ya cika. Garin Kasoa da ke yamma da Accra kasuwa ce ta ba shi suna. Ita Nima Malam Amadu Futa ne ya kafa ta a farkon shekarun 1930, a filin da iyalan Odoi Kwao na Osu suka ba shi, ta kuma girma ba da tsarin injiniya ba, gida na manne da gida, lungu na haihuwar lungu. Kwatance a nan da abin da ido ke gani ake yinsa: ka sauka a shataletale, ka wuce kasuwa, ka bar babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi a bayanka, ka tambayi mai koko da ƙosai da ke bakin masallaci. Tun da aka buɗe Babban Masallacin Ƙasa na Kanda a Yulin 2021, wanda Turkawa suka gina, hasumiyoyinsa sun zama abin da ake daidaita hanya da su daga nesa. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma a Nima wannan tsarin adireshi ne, ba karin magana kawai ba.

A Oktoban 2017 gwamnati ta ƙaddamar da GhanaPostGPS, wanda ya yanka ƙasar duka gida-gida, mita 5 tsawo mita 5 faɗi, kowanne da lambarsa. Abu ne mai amfani, banki na tambaya, fom na tambaya, kuma ranar da gobara ta tashi ko mai naƙuda ta buƙaci mota, lamba ta fi dogon bayani. Amma lamba tana gaya maka inda gida yake ne, ba ta gaya maka lungun da zai fitar da kai can ba. Ɗan okada zai duba wayarsa, sannan ya kira ka ya ce wane masallaci ne kusa. Yaran trotro kuwa sun rage magana gaba ɗaya: idan ka ga yaron mota ya leƙo yana juya yatsa a zagaye, wurin da ake kira Circle za shi.

Da wane hannu ake nuna hanya? A Ghana nuna wa babba hanya da hagu rashin kunya ne, kamar yadda miƙa kuɗi da shi yake. Masu bincike biyu, Sotaro Kita da James Essegbey, sun wallafa nazari a 2001 kan yadda mutanen kudancin Ghana ke yin kwatance, suka ga mutum kan murɗa jiki ya ƙetara da hannun dama don ya nuna hagu, ko ya haɗa hannu biyu, ko ya ajiye hagun a ƙasa yana ɗan motsa shi a ɓoye. Turawa ma ba su tsira ba. Kalmarsu ta "sinister", wadda yau take nufin mugun nufi, asalinta na hagu kawai take nufi. Duk da haka Ghana ta yi shekaru tana tuƙi a hannun hagu irin na Ingila. Sai ranar 4 ga Agusta 1974 ta koma dama, shekara biyu bayan Najeriya, wadda ta sauya ranar 2 ga Afrilu 1972. Dalilin a fili yake: duk maƙwabtan da Faransa ta raina a dama suke, kuma direban da ya ɗauko kaya daga Accra zuwa Lome ba zai yi ta sauya hannu a kowace iyaka ba.

Mu ma muna da namu tsofaffin kalmomin da suka ja baya. Gusum, wadda mutanen Sakkwato da Katsina ke nufin kudu da ita, yau yaro a Kano ko Nima zai tambaye ka ko sunan gari ne. Hauni na nufin hagu, kuma shi ne sunan mai zartar da hukuncin kisa a fadar dā. Arewa kafin ta zama sunan siyasa a Najeriya ƙasa ce mai mutanenta a wajen Dogon Dutsi ta Nijar. Maƙwabtanmu masu Twi kuwa da jiki da rana suke aunawa: arewa wajen kai, kudu wajen ƙafa, gabas inda rana ke ɓullowa, yamma inda take faɗawa.

Saura gabas, kuma a nan ne maganar ta daina zama ta nishaɗi. Bahaushe idan ya ce ya fuskanci gabas, alƙibla yake nufi. Shin ko kun san alƙiblar Accra ba gabas sak ba ce? Tana wajen digiri 64 daga arewa, wato ta karkata daga gabas zuwa arewa da digiri 26. Ta Kano tana wajen 68. Tsakanin Nima da Makka kimanin kilomita 4,650 ne, kuma idan aka ja zare a miƙe a bayan ƙasa, zai bi ta kusa da Abuja, ya ratsa saman Jos, ya wuce ta Maiduguri kafin ya ƙetare Chadi da Sudan da Bahar Maliya. Mai salla a Maamobi yana da Jos a gabansa. Lissafin irin wannan ba sabo ba ne, Al-Biruni ya rubuta hanyar yinsa tun ƙarni na 11 don gano alƙiblar birnin Gazna.

Inda ake samun matsala shi ne wajen masu auna alƙibla da fitowar rana. Rana ba ta da mafita ɗaya. A watan Yuni tana fitowa Accra a wajen digiri 66, kusan kan alƙibla daidai. A Disamba kuwa ta koma wajen digiri 114, wato wanda ya shimfiɗa dardumarsa yana kallonta ya kauce da kusan digiri 50. Malamai sun sauƙaƙa wa na nesa, jiha ake nema ba tsakiyar ɗakin Ka'aba ba, kuma hukuncin wannan nasu ne. Amma mai aza harsashin masallaci ko mai shata ɗakin salla a sabon gida ba shi da uzurin yin kirdado. Kamfas ɗin waya ma ba abin rantsuwa ba ne a unguwar da rodi da kwano da wayar lantarki suka kewaye ko'ina, domin ƙarfe na jan allurarsa.

Akwai hanyar da ba ta cin ko pesewa ɗaya. Sau biyu a shekara rana na tsayawa a saman Ka'aba daidai: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 9:18 na safe agogon Ghana, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 9:27. A Najeriya da Nijar a ƙara awa ɗaya. A wannan minti, duk inda rana take a sama, nan ne alƙibla. Ku kafa sanda a miƙe a fili mai laushi, ku ja layi a kan inuwarta. Wanda ya tsaya a ƙarshen inuwar yana kallon sandar, Makka yake kallo. Kada a kalli ranar da ido. Watannin na damina ne a Accra, hadari na iya rufe sama, amma kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta ba ya sauya lissafin da wani abin kirki. Limamai da 'yan kwamitin masallatan lungu, ku rubuta ranakun nan a bangon ofis, ku tanadi sanda da alli.